Shekarar da Matata Ta Rame

Ni mutum ne mai gardama, duk wanda ya zauna da ni a ofishin malamai na firamaren da nake koyarwa a Kudan zai shaide ni. Na yi musu da hedimasta, na yi da limamin unguwarmu, na taɓa sa direban motar Hunkuyi ya tsaya a tsakiyar hanya saboda ya jibga mana buhun taki a ƙafa. Mutum ɗaya ce a duniya ban taɓa ɗaga ido na kalla ba, balle in mayar mata da magana, ita ce surukata. Ba wai tsoronta nake ji ba, haka aka tashe mu, kuma ban san namijin da ya fita daga wannan ba a ƙasarmu.

Matata 'yar Makarfi ce, gidansu gidan mazarƙwaila ne. Tun zamanin kakanta suke matse rake, su tafasa ruwan a manyan kasake har ya yi kauri, su zuba a 'yan kwanoni ya daskare. In rani ya kama, tun daga bakin layi ƙamshin zai tare ka, ga ƙudan zuma ko'ina. A gidan nan ba a shan koko sai an jefa masa guntun mazarƙwaila, yaro in ya yi kuka ita ake miƙa masa. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, uwarta ce ta riƙe gidan da sana'ar, ta aurar da 'ya'yanta ba tare da ta roƙi kowa ba. Inna muke ce mata. Mace ce mai kirki, kuma ina faɗin haka ne da gaske, domin da muguwa ce da abin ya zo mini da sauƙi.

Siririya na auro matata. Amma duk haihuwa, ko ta tafi gida wanka ko Inna ta tattaro ta zo, kuma jegon Inna ba wasa ba ne: kunun kanwa da safe, ƙauri da rana, tuwo da man shanu, ga fura a gefe ana jira ciki ya ɗan sauka. Kowane goyo sai ya bar mata wani abu a jiki. Bayan haihuwar autanmu, ranar da ta dawo daga Makarfi, sai da ta juya gefe kafin ta fito daga mota. Matan unguwa suka yi ta guɗa. A majalisarmu ta ƙofar masallaci aka riƙa miƙo mini hannu ana cewa Malam ka iya kiwo. A wajenmu jikin mace shi ne shaidar mijinta, ba a tambayar ta ko tana jin daɗi, kallon damtsenta ake yi.

Abin ya fara ne da wuyanta. Fatar bayan wuyan ta yi baƙi ta yi kauri, ita kuwa ta ɗauka dauɗa ce, ta yi ta dirza da soso har wurin ya yi ja. Ta sauya sabulu, ta gwada toka, ba abin da ya motsa. Ga gajiya, in ta ci abincin rana sai barci ya kwashe ta a zaune. In ta yi sujada sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Saboda wuyan muka je asibiti, muna zaton man shafawa za a rubuta mana mu dawo.

Likitar mace ce, ba ta kai matata shekaru ba. Ta duba wuyan, ta sa awo ta zagaye mata ƙugu, ta tambayi ko akwai mai ciwon suga a dangi. Aka soki yatsa aka auna, sannan ta ce mu dawo wata safiyar ba a ci komai ba. Da aka maimaita sai ta ce sugan ya haura na mai lafiya amma bai kai na mai ciwo ba. Ta tura mu babban asibiti a Zariya, inda aka ɗebi jini a kwalba aka auna wasu sinadarai da ban taɓa jin labarinsu ba duk da karatuna.

Da muka koma wurin likitar ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa tsantsa. Ta ce mutane suna ɗauka kitse ajiya ce kawai, kamar hatsi a rumbu, alhali kitse yana aiki, yana fitar da sinadarai yana zubawa a jini, kuma ana iya auna su. Ɗaya, mai suna adifonektin, shi ke taimaka wa jiki ya kwashe suga daga jini, amma abin haushi, duk yadda kitsen ciki ya ƙaru shi raguwa yake yi. Ɗayan, leftin, aikinsa ya gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, amma in kitse ya yi yawa shi ma yakan yi yawa har ƙwaƙwalwa ta daina sauraronsa. Na matata, na farkon ya yi ƙasa, na biyun ya yi sama. Baƙin wuyan ma, in ji ta, ba dauɗa ba ne, alama ce ta cewa jiki ya fara wahala da suga.

Matata ta tambaye ta kai tsaye ko ciwon ya kama ta ke nan.

Likitar ta ce, "Bai kama ki ba, Hajiya. Kina bakin ƙofa ne. Wanda ke bakin ƙofa yana iya juyawa, in kika rage jikin nan."

Ta ce a bar mazarƙwaila da lemon kwalba, a rage tuwo, a yawaita ganye da wake, a riƙa tafiyar ƙasa kullum har a yi gumi. Na abinci bai ba mu wuya sosai ba. Wata malama da muke aiki tare, 'yar kudancin Kaduna, ta riƙa kawo mana acca in ta je gida, ta koya wa matata yadda ake yin fatenta da ganye. Tafiyar ce matsala. A unguwarmu matar aure ba ta fita ta kama hanya haka kawai, ba biki ba gaisuwar mutuwa, ta yi ta tafiya ta dawo. Kafin ta kai bakin rafi an gama yanke hukuncin inda za ta.

Matata ce ta samo mafita da kanta. Ta sa aka fito da turmin da aka kawo ta da shi, wanda ya daɗe a kife a bayan ɗaki kaji suna kwana a kai. Ta daina aikawa inji, ta koma surfe da daka da hannunta kamar yadda ta yi tana budurwa. Ta sallami mai kawo mana ruwa ta koma jan guga a rijiyar tsakar gida. Makon farko hannunta ya yi kanta, tana kwana da ciwon kafaɗa, amma ba ta fasa ba. Ban taɓa ganin ta da zuciya irin ta wannan lokacin ba, kuma na ƙara son ta.

Kafin damina ta fita jikinta ya ragu sosai. Gwiwa ta daina ciwo, barcin rana ya tafi, wuyan ya fara washewa. Ta ciro tsofaffin atamfofinta daga akwati tana gwadawa tana dariya, yara suna tsokanar ta wai ta koma amarya. Da muka koma awo, likitar ta ce suga ya dawo daidai. A hanyar dawowa na tsayar da babur na sayi tsire muka ci a gindin bishiya kamar saurayi da budurwa.

Abin da ban lissafa ba shi ne taɓarya tana da ƙara, katangarmu kuma gajeriya ce. Kullum da hantsi maƙwabta suna jin daka a gidan Malam. Wata maƙwabciya ta aiko cikin tausayi ta ce in ba damuwa a riƙa haɗa masararmu da tasu a kai inji, ba sai kowa ya ji ba. Wata ta shigo barka da hutawa ta tarar da matata da kwanon zogale da ɗan tuwo kamar na yaye, ta fita tana share ido. A majalisa aka daina ce mini na iya kiwo. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce in albashi ne ya maƙale in yi magana, mu 'yan'uwa ne. Na tsaya na yi masa bayanin kitse da jini daga farko har ƙarshe, yana ta gyaɗa kai, da na gama ya ce Allah ya rufa asiri.

Sai ga bikin 'yar ƙanwar Inna a Saulawa, can ƙasar Ikara. Inna ta daɗe ba ta ga 'yarta ba, sai gaisuwa ta waya. Ban shiga cikin gida ba, matata ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce tana shiga da sallama Inna ta kalle ta ba ta amsa ba, ta kamo wuyan hannunta ta zagaye shi da yatsu biyu, ta fashe da kuka a gaban surukai da baƙi. Kafin a kai amarya mata sun kasu uku. Wasu suka ce yunwa ce, wasu suka ce baƙin ciki nake ƙunsa mata, wasu suka rage murya suka ce irin ramar nan sai dai in maigida ne ya kwaso ciwon zamani ya kawo gida. Na ƙarshen nan har yau in na tuna shi sai in ji raina ya ɓaci kamar yau aka faɗa.

Ba a jima ba kawunta, ƙanin Inna, ya zo Kudan. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta, ya tambayi rake da yadda ruwa ya yi mana bana, sai da ya miƙe zai tafi ya ce Inna tana son ganinmu.

Na cire takalmi tun daga zaure. Matata ta shige ɗakin uwarta, ni na tsuguna a bakin ƙofa, labule a tsakaninmu, kawu yana zaune a kan tabarma gefena. Bayan doguwar gaisuwa Inna ta yi magana a hankali.

"Malam, in abinci ne ya yi wuya, mu nan ba mu rasa ba. Na ba ka 'ya ta cika zane. Ban san laifin da ta yi maka ba."

Suruki ba ya zuba wa surukarsa bayani fuska da fuska. Na juya wajen kawu, murya ƙasa-ƙasa, na gaya masa duk abin da likita ta ce, har sinadaran da kitse ke zubawa a jini da yadda awon matata ya nuna. Na yi iya ƙoƙarina, ni da nake koya wa yara raba lamba su gane. Kawu ya saurara, ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, ya ce wai likita ce ta ce kitse ba shi da kyau." Iyakar abin da ya tsallaka labulen ke nan.

Inna ta ce, "Ciwon ya kama ta ne?"

Na ce wa kawu bai kama ta ba tukuna.

"To mai lafiya ake hana wa abinci? An ce har daka take yi, da jan ruwa, tana da miji mai albashi. Ni da na yi daka don dole na yi, ban haife ta don ta gaje ni ba."

Ina jin matata daga ciki tana cewa Inna ni ce na sa kaina, Inna ta ce mata ta yi shiru, 'yar kirki dole ta rufa wa mijinta asiri. Sannan ta roƙe ni, roƙo fa, ba umarni ba, in bar mata ita ta ɗan huta. Ina da amsa cike da baki, wadda da a ofis ne sai an riƙe ni. Na ce to, Inna, ba komai. Na sa takalmina na hau babur na koma Kudan ni kaɗai, ina zage-zage a hanya ba tare da na san wa nake zagi ba.

Ta kusa wata biyu a can. In na kira ta sai ta zaga bayan ɗaki ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce Inna ba ta aiko da kwano, da kanta take kawowa ta zauna a gabanta tana kallon kowace loma. An yanka kaji, an dama fura da mazarƙwaila, an yi nakiya ba biki ba suna. In ta ture kwano sai Inna ta ce ashe har abincin hannunta ya zama abin gudu, ta kama kuka. Na ce ta riƙa zubarwa a ɓoye. Ta ce, "Malam, uwata ce. Ta tsufa. Ba zan iya kallon ta tana kuka a kan tuwo ba."

Akwai kuma wata 'yar'uwarsu mai son a ce ta san gari, ta kawo wasu ƙwayoyi daga kasuwa, irin waɗanda 'yanmata ke kira sha-ka-fashe, ta ce wa Inna maganin buɗe ciki ne. Inna da ba ta san komai a kai ba ta karɓa da godiya, ana murƙushewa a kunu. Matata ba ta sani ba sai dab da dawowarta. Daga baya likita ta gaya mini a cikin irin ƙwayoyin nan akwai masu tayar da suga ko ga mai lafiya.

Ranar da kawu ya dawo da ita fuskarta ta kumbura ta yi zagaye, wuyan ya koma yadda yake. Matan unguwa suka shigo suna cewa yanzu muka ga mutum. A majalisa wani ya ce ai hannun uwa daban ne, Malam sai ka ɗora daga inda aka tsaya. Na tashi na gaya masa maganar da ta sa muka yi wata guda ba ma gaisawa, kuma ban yi nadama ba.

Na so mu koma kan tsarinmu, ta kuma gwada, amma zuciyarta ta karye. In ta ɗauki taɓarya sai ta dubi katanga ta ajiye. Daga Makarfi kuma ba a rabuwa da 'yan gaisuwa, yau gwaggo, jibi matar kawu, kowace ta zauna ta ƙare mata kallo ta koma da labari. Ta ce mini ta gaji da zama abin magana, kuma ba za ta iya sake jin an ce na kawo mata ciwo ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi na daina cin tuwon dare don ta ji kunya. Ta riƙa rage abinci kwana biyu ta koma. Ban ga laifinta ba, ita kaɗai ce a gefe guda, gari duka yana ɗaya gefen.

Da wata daminar ta zagayo sai ƙishirwa ta kama ta, randa ba ta kwana da ruwa. Fitsari ba iyaka, har kiyashi suna taruwa a makewayi. Sannan ta fara ramewa, wannan karon ba daka ba jan guga, tana ci tana zubewa. Na san abin da ke nan tun kafin mu je. Likitar ta duba awon, ta dubi matata, ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin daɗi. Ta ce ciwon ya shiga. Na tambaye ta ko har yanzu ana iya juyawa. Ta ce ana iya riƙe shi da magani da kiyaye abinci, mutum ya yi shekaru masu yawa lafiya, amma ba za ta yi mini alkawari irin na wancan karon ba.

Dole a gaya wa Inna, muka tafi tare. Na tsuguna a inda na saba, na ce wa kawu ciwon suga ne, likita ta tabbatar. Wannan karon ya isar da saƙon daidai, tunda gajere ne. Inna ta yi salati, ta daɗe tana kuka. Da ta natsu sai ta ɗan ɗaga labulen, abin da ba ta taɓa yi ba, har na ga ƙafafunta.

"Malam, tun ramar farko na ce yarinyar nan ba ta da lafiya. Ashe ciwon ne yake cin ta tun lokacin, ni kuma na ɗora maka. Allah ya sa na ɗauke ta na kula da ita, da ba mu san inda muke ba yanzu. Na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini don Allah."

Na daɗe ina kallon ƙasa. Kawu ya taɓa mini gwiwa. Na ce na yafe, Inna, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Mun bar Makarfi muna cikin gonakin rake, matata tana bayana a kan babur. Can ta matso kusa da kunnena ta ce, "Malam, abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka taɓa gaya mata."

Ban gaya mata ba. Inna tana nan da ranta, ta tsufa ƙwarai, ta bar wa jikoki sana'ar. In yaranmu suka je hutu takan zaunar da su ta ba su labarin shekarar da uwarsu ta kusa mutuwa, da yadda ta gane tun likitoci ba su gane ba, ta ɗauko ta ta ceto ta. In sun dawo sukan maimaita mini da murna, su tambaye ni ko haka aka yi. Nakan ce haka aka yi. Uwarsu tana jin mu, tana zaune a bakin gado tana goge cinyarta da auduga kafin ta yi allurar safe, ƙwayoyin maganin suga sun daina riƙe ta tun bara.